Daga Na'ibawa zuwa Panteka: Neman Tsofaffin Kayan Kafinta

Duk motar da za ta bar Kano ta nufi Zariya sai ta ratsa Na'ibawa, kuma wanda ya sauke gilashi a daidai nan zai shaƙi ƙamshin ɗanyen katako gauraye da hayaƙin tireloli. Yawancin matafiya wucewa kawai suke yi. Ni kuwa a nan tafiyata ta fara, domin katako da kayan aikinsa ne suka fito da ni daga gida. Aikin ofis nake yi, amma ranakun hutu nakan shige rumfar bayan gida in ɗaure ƙafar kujerar da ta saki, in haɗa kantar littattafai, in gyara marfin kabad. Sha'awar ta kai inda 'yan kayan da nake da su suka gaza, sababbin da ke shaguna kuma ba su kwanta mini a rai ba. Sai wani kafinta a unguwarmu ya ce in dai tsofaffin kaya masu aminci nake nema, in hau mota in tafi Panteka ta Kaduna. Ya ƙara da cewa in fara tsayawa a 'Yan Katako in san itacen tukuna, don kaifin ƙarfe ba ya amfanar wanda bai san abin da yake yanka ba.

'Yan Katako ta Na'ibawa gari guda ce. Rumfuna ne layi-layi, kowace an jera mata falankai har sun fi tsayin mutum. Ga 'yan dako suna sauke kaya daga tirela, ga masu kura suna ihun a ba su hanya, ga kukan injin tsaga katako da ba ya barin ka ji maganar na kusa da kai. Abin da ƙafa ke takawa ma dusar katako ce, wadda masu kiwon kaji ke zuwa su ɗura a buhuna. Da awon inci ake ciniki: tu-bai-tu, tu-bai-tiri, tu-bai-fo na rufi, da falanki mai faɗin inci 12, yawancinsu tsawon ƙafa 12. Akasarin katakon baƙo ne, daga dazuzzukan kudu yake zuwa, wajen Edo da Ondo da Kuros Riba, wani kuma daga Taraba da Kogi. Akwai obeche, fari marar nauyi mai daɗin aiki, sai dai ƙwaro na son sa. Akwai afara. Akwai iroko mai nauyi wanda gara ke shakka. Sai malaina, wadda daga Asiya aka kawo irinta aka dasa, yanzu ta cika kasuwa saboda saurin girmanta.

Na zauna a bencin wani dattijo mai rumfa, muka gaisa, na ce falankin yin tebur nake so. Ya tashi ya jawo guda biyu ya jingina su a bango.

"Ɗaga wannan, Malam."

Na ɗaga, na ji nauyi, ga wani sanyi a tafin hannu. Na biyun ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, alhali itace ɗaya ne, awo ɗaya. Ya ƙwanƙwasa kowanne da bayan yatsa. Na farko ya yi dum a dushe, na biyu ya amsa tas. Sannan ya ɗaga bakin falankin zuwa fuskarsa, ya runtse ido ɗaya, ya bi gefensa da kallo har ƙarshe don ya ga ko ya karkace.

"Wancan shekaranjiya ya sauka daga mota," in ji shi. "Ruwan kurmi na cikinsa. Ka yi tebur da shi yau, kafin hunturu ya wuce sai ka zura yatsa a tsakanin falankan."

Rabin ɓacin ran da ke tsakanin masu gida da kafintoci a Arewa daga nan yake tasowa. Katako yana shan damshi daga iska yana kuma saki, ko bayan shekara da shekaru da sare shi. An yanko shi a inda iska ke cike da ruwa, an kawo shi Kano inda a tsakiyar hunturu damshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Dole ya tsotse, kuma ta faɗi yake tsotsewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Shi ya sa ƙofar da aka yi da damina take buɗe baki a watan Janairu, wadda aka yi da rani kuma take kumbura ta ƙi rufuwa a watan Agusta. Mai gida ya ce kafinta ya cuce shi, alhali wani lokaci shi ne ya tsaya a kansa ya ce lallai sai an gama kafin ranar ɗaurin aure. Maganin ba shi da tsada, haƙuri kawai yake so. A sayi katako da wuri, a jera shi a inuwa a kan wani abu da ya ɗaga shi daga ƙasa, a sa siraran sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, a danne saman da bulo, a shafa wa bakunan fenti don kada su tsage, a bar shi makonni. Wanda ya shanya shi a rana don ya yi sauri, bankararren falanki zai kwasa.

Na tambayi dattijon itatuwanmu na nan, madaci da kawo da madobiya. Ya girgiza kai ya ce manyansu sai an sha wuya. Labarin madobiya sananne ne. Daga wajen 2014 aka yi mata rubdugu, musamman a Taraba, ana loda gungumenta a kwantena ana kaiwa ƙasar Sin, inda ake yin kayan ɗaki masu tsada da jan katakonta. Abin ya kai har yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da itatuwan da ke neman ƙarewa, ta sa ta a jerin waɗanda aka taƙaita cinikinsu a taronta na 2016 a Afirka ta Kudu. Wanda ya gaji tsohon gado ko akwati na madobiya ko madaci a gidansu ya san cewa da wuya ya sake samun irinsa, don haka gyara ya kamace shi, ba murhu ba.

Daga nan na kama hanya. Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne. Muka wuce Kura, muka ratsa fadamun Kadawa da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, shinkafa da tumatir kore shar dama da hagu. Gaba da Kwanar Dangora na hango turame jere a bakin titi, na roƙi direba ya tsaya. A gindin wata bishiya wani masassaƙi na zaune, ya maƙale gungume tsakanin ƙafafunsa yana rarake cikinsa da gizago. Kayan aikinsa gaba ɗaya ba su cika hannu biyu ba: gatari, gizago babba da ƙarami, wuƙa, da dutsen washi. Babu tef, babu fensir. Da tafin hannu yake auna faɗi, da ido yake daidaita zagaye, kuma kowane sara yana sauka a gefen na baya ba tare da kuskure ba. Da na shafa bakin turmin da ya gama, ban ji tudu ba. Ya ce ƙirya ce, ita ce sarauniyar turmi saboda taurinta, amma yanzu sai ya yi nisa cikin daji kafin ya samu mai kauri, domin masu gawayi ma ita suke bi. Allo kuwa ya ce da aduwa yake yi. Na sayi ƙotar gatari a wurinsa, na fita da girmamawar da ban shigo da ita ba. Mu da ke zaton aikin katako da injin ya fara, mun manta cewa akushi da turmi da kujerar tsakar gida da sirdin doki duk daga bakin gizago suka fito.

A Zariya na kwana a cikin birni, gidan wani abokina, kuma zauren gidan ya ƙara mini karatu. Na ɗaga kai na ga azara jere a rufin, baƙa ƙirin, an giciya ta daga kusurwa zuwa kusurwa. Kakansa ne ya gina zauren, har yau ba a sauya ko ɗaya ba. Azara tsagin giginya ce, kuma magina sun fi son ta namijin giginya saboda ƙarfinta da yadda gara ba ta cika kula ta ba. Da yake ba ta jure dogon zango, ba a cika barin ta ta haura ƙafa 6 babu abin tallafi, sai magina suka ƙirƙiro dabarun jera ta hawa-hawa da ɗaurin bakan gizo, har su rufe faffaɗan soro. Da wannan hikima Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Wani sashe na masallacin ya rufta a watan Agustan 2023 ana cikin sallar la'asar, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu. Duk wanda ke zaune a tsohon gini ya kamata wannan rana ta tsaya masa a rai, ya riƙa ɗaga kai yana duba rufinsa kafin damina da bayanta.

Ɗakin da aka ƙara a gidan daga baya, mai rufin kwano, shi ne gara ta fara ci. Abokina ya nuna mini siririyar hanyar laka da ta hau bango daga bayan randa har zuwa katakon rufi. Gara ba ta son haske da bushewa, shi ya sa take gina wa kanta wannan rufaffiyar hanya, kuma duk inda ka gan ta, akwai lema a kusa: famfo mai ɗiga, ko indararo da ke zuba a gindin bango. A fara da tsayar da ruwan, a kankare hanyar, sannan a shafa wa katakon magani irin su Solignum. Kafintoci da yawa baƙin mai suke shafa wa katakon rufi saboda araha. Ko da za a yi hakan, ni ban yarda a kai shi kan gado ko kantar abinci ko wani abin da yara ke taɓawa ba.

Washegari muka wuce Jaji da Mararrabar Jos, muka shiga Kaduna ta Kawo. Tsohuwar Panteka na kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kuma kunne ne ke fara isa can kafin ido. Guduma a kan ƙarfe ta ko'ina, tartsatsin walda, warin narkakken dalma. Nan ana zuba tukwane, can ana naɗe akwatin ƙarfe, gaba ana harhaɗa injin niƙa da murhun gasa burodi da baro. Abin da wani gari ya yar, a nan yake sake zama kaya. Na bi lungu-lungu ina tambaya har aka nuna mini masu baza tsofaffin kayan aiki a kan buhu da tsohon kwano: sifanu da filaya da sukudireba da guduma marar ƙota, duk tsatsa ta mai da su launi ɗaya.

A tsibi na uku na gan shi, ƙarfen goge katako da kafintoci ke kira jakfilen, kwance a ƙarƙashin sarƙar keke. Na ciro shi na goge da gefen buhu, sai shuɗin fenti ya bayyana, ga sunan Record da lamba 5 a jikinsa. Kamfanin ya fara ƙera irin waɗannan a birnin Shefild na Ingila a 1931, bisa fasalin na Stanley na Amurka, kuma mai lamba 5 tsawonsa inci 14 ne. Na zauna a kan wata tsohuwar taya na duba shi a tsanake. Da fari na kifa shi na leƙa gefen bakin da ƙarfen yanka ke fitowa, don a nan yake tsagewa in ya taɓa faɗuwa, tsagaggen kuwa ko an yi masa walda ba ya komawa daidai. Babu tsaga. Na ɗora rula ta ƙarfe a kan gindinsa na ɗaga wajen hasken rana, hasken da ya ratso ƙanƙane ne. Na murɗa ɗan zoben tagulla mai tura ƙarfen gaba da baya, ya cije, na ɗiga masa kananzir, ya saki. Na zare ƙarfen yankan na duba bayansa. Tsatsar sama ba komai ba ce, samfefa na cire ta. Abin gudu shi ne tsatsar da ta yi ramuka kusa da baki, don kowane rami giɓi ne a kaifi. Wannan lafiyarsa ƙalau, sai dai mariƙin baya ya karye, abin da mutum zai sassaƙa da kansa.

Mai kayan matashi ne, yana kallona tun da na zauna.

"Alhaji, ka san kaya ke nan. Wannan na Turawa ne."

"Na Turawa ne, amma ga shi ba mariƙi. Nawa za ka sallama?"

Ya faɗi kuɗi, na taya, ya ce albarka. Ya ɗauko wani sabo fil a kwali ya ce in araha nake so ga shi nan. Na karɓa na juya shi: ƙarfen jikin siriri, mariƙin roba, zoben yana lilo. Na mayar masa. Ya yi dariya ya ce, "Araha ba ta ado, ko?" Muka daidaita a tsakiya, ya ɗora mini cizal biyu na Marples da wani zarto mai mariƙin katako.

Na tambaye shi inda yake samo su. Ya ce daga 'yan gwangwan. Su ne ke bin unguwanni da baro suna sayen duk wani ƙarfe, shi kuma yakan je ya tsince abin da ya ga zai sayu kafin a ɗora sauran a sikeli. Wanda bai kai gare shi ba, mota ke kwashewa zuwa kamfanonin narka ƙarfe, ya dawo a matsayin rodi. Wannan magana ta tsaya mini a wuya. Ƙarfen da aka ƙera shi don ya yi wa mutum uku aiki, uba da ɗa da jika, ana sayar da shi da kilo tare da gwangwanin madara. Da yawan waɗannan kayan daga ma'aikatun ayyuka na da suka fito, da ma'aikatar jirgin ƙasa, da makarantun sana'a, da akwatunan kafintocin da suka rasu 'ya'yansu ba su gaji sana'ar ba.

Game da zarto akwai abin lura. Tsohon zarto irin na Spear & Jackson ko Disston ana wasa shi da magagari mai kusurwa uku, a karkata haƙoransa ɗaya dama ɗaya hagu, ya dawo sabo. Yawancin na yanzu an ƙona bakin haƙoransu sun yi baƙi don su yi tauri. Suna da kaifi da farko, amma magagari ba ya kama su, ranar da suka dakushe sun gama aiki. In za a sayi tsoho, a leƙa tsawon zarton a tabbatar bai lanƙwashe ba, a ƙirga haƙoran da suka karye.

Kayan lantarki na hannu kuwa, waɗanda ake kawowa a kwantena, sun fi buƙatar taka-tsantsan. A karanta ɗan allon da ke jikin injin. Wanda ya fito daga Amurka yawanci na wuta 110 zuwa 120 ne, mu kuwa tamu 230 ce, in aka soka shi kai tsaye sai hayaƙi. Kada a biya sai an kunna a gaban mai saye, a saurari ƙararsa, a shinshina ko akwai ƙauri, a leƙa ko tartsatsi ya yi yawa a wajen kabon. Masu batir kuma sau da yawa batirin ne ya mutu, sabonsa ya fi injin tsada. Wani abu da na gani a can, wanda kuma nake gani a wuraren gini a Kano, shi ne ɗaura faifan zarto mai haƙora a kan ƙaramin injin gurza ƙarfe don a yanka katako, a kuma cire masa murfin kariya. Wannan injin yana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya. In haƙori ya cije a kulli, injin kan yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi. Babu saurin aikin da ya kai darajar yatsun mutum, kuma maigidan da ya bari yaronsa ya yi haka yana da alhaki.

Aka raka ni wajen wani tsohon kafinta a can ƙarshen layi don ya wasa mini ƙarafan. Na durƙusa na gaishe shi. Ya karɓi jakfilen ɗin ya jinjina shi a hannu, ya ce rabonsa da irinsa an daɗe. Ya ɗiga mai a kan dutse, ya fara da kwantar da bayan ƙarfen yana gogawa har bakin ya yi sheƙi. Sannan ya juya, ya ɗaga shi daidai karkatar bakin, abin da littattafai ke cewa digiri 25, shi kuwa hannunsa ne ya sani. Yana yi yana shafa bayan da ɗan yatsa, har ya ji wani siririn ƙarfe ya tanƙwaro. Ya goge shi a kan guntuwar fata, ya mayar, ya runtse ido ya daidaita, ya tura a gefen wani guntun madaci. Aska ɗaya ta fito a naɗe, siririya kamar ɓawon albasa, ƙamshin itacen ya tashi.

"Baba, ƙofar ɗakina tana jan ƙasa. In na koma in rage ta da wannan?"

"A'a, ɗana. Kowa da rage ƙofa yake farawa, shi ya sa ƙofofinku duk iska ke shiga ta ƙasa. Fara duba hinjin sama."

Ya ce a buɗe ƙofar a ɗaga ta da hannu. In ta motsa, sukurorin hinji ne suka saki. A kwance su, a cusa tsinken ashana da aka tsoma a gam cikin ramin har ya cika, a bari ya bushe, a mayar da sukuru, in da hali wanda ya fi na da tsawo. Sau da yawa shi ke nan. In har yanzu tana cijewa, a shafa alli a jikin firam a rufe a buɗe, inda allin ya kama nan ne kaɗai za a rage, shi ma kaɗan, musamman da damina, don rani zai rage sauran. Bayan haka a yi wa saman ƙofar da ƙasanta fenti, wuraren da masu fenti ke tsallakewa don ido ba ya kaiwa, ta nan kuwa ruwa ke shiga. Kujera mai lilo ya ce kada a buga mata ƙusa, ƙusa tsaga ƙafar take yi. A zare mahaɗin, a kankare tsohon gam tas, a sa sabo, a ɗaure da igiya ko robar tsohon tib, a murɗa da ɗan itace har ya matse, a bar ta ta kwana. In dole sai an buga ƙusa kusa da bakin katako, a fara dakushe tsininta da guduma. Durowa mai cijewa kuwa kyandir kawai take so a goga a gefenta.

Duk wannan bai ɗauki tsawon shan shayi ba, kuma babu ɗaya da ya fi ƙarfin malamin makaranta ko ma'aikacin banki ko uwargida. Me ya sa ba ma yi? A ganina abu biyu ne suka haɗu. A al'adarmu sana'a ta gado ce, maƙera da masassaƙa da magina da dukawa kowa da gidansa, wasu har da sarkinsu. Tsarin ya adana gwaninta, amma ya bar mana tunanin cewa wanda bai gada ba bai kamata ya taɓa ba. Sai boko ya zo ya ɗora nasa, mai riƙe biro ya ɗauka guduma za ta rage masa girma. Alhali makarantar da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu, har da kafinta. Da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982 an shigo da injina da kayan aiki daga ƙasashen gabashin Turai don koyar da fasaha a ƙananan sakandare, amma a makarantu da yawa sun tsufa a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da ɗakin aiki da malami. Ta fuskar addini kuwa babu abin kunya ko kaɗan. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi Zakariyya, alaihis salam, kafinta ne, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan gyara takalminsa da tufafinsa da hannunsa, ya taimaka wa iyalinsa da aikin gida.

Wani zai ce wannan cire wa kafinta abinci ne daga baki. Ban yarda ba. Kafintan kirki ba ya son a kira shi daga wata unguwa don sukuru biyu, kuɗin aikin bai kai na mota ba. Maigidan da ya taɓa riƙe zarto shi ne ya san wahalar haɗa kusurwa ta zauna daidai, shi ne ba zai yi wa kafinta tayin wulakanci ba, shi ne kuma ba za a rufe masa ɗanyen katako da fenti a ce ya bushe ba. Rufin gida da wayar lantarki da duk abin da ke ɗauke da nauyin gini, a bar wa masu shi. Su ma masu sana'ar suna da haƙƙin a san darajarsu a hukumance. Farfesa Idris Bugaje, tun yana shugaban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna har ya koma shugabancin hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, ya yi ta fafutukar a gwada masu sana'ar Panteka a ba su takardar shaidar ƙwarewa. Bayan abin da na gani a hannun tsohon nan, ina goyon bayan hakan ɗari bisa ɗari.

Na naɗe kayana a buhu da la'asar na nufi tasha, buhun na ƙwanƙwasar ƙafata. Mai karatu, in akwai akwatin kayan aikin mahaifinka ko kakanka a ɗakin ajiya, kada ka miƙa wa mai baro kafin ka buɗe. Ka fito da su, ka goge da kananzir da samfefa, ka kai wa tsohon kafintan unguwarku ya wasa maka, ka zauna ka ga yadda yake yi. In babu, guduma da zarto da sukudireba da tef da cizal ɗaya sun isa farawa. Ranar da za ka gyara ƙofar farko, ka kira yaranka, maza da mata, su riƙe maka sukuru.